Ku Tambaya Mu Amsa: Na iya kitso tun a gida, sai na koma makaranta a Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Greensboro, jihar North Carolina. Tun a Maraɗi nake kitso, amma an ce ba zan yi aiki a shago ba sai da lasisi. An ba ni shawarar shiga kwalejin al'umma. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. A Amurka kowace jiha ke ba da nata lasisin, kuma awoyin da kika zauna a makaranta ake ƙirgawa, ba shekarun da hannunki ya yi yana kitso ba. A jiharku, cikakken lasisin gyaran gashi da fata da farce yana buƙatar awa 1,500. New York da California awa 1,000 suke nema, Florida kuma 1,200.

Kafin ki biya ko dala ɗaya, ki tsai da abin da kike so. In kitso da murɗa gashi kawai za ki yi, North Carolina tana da ƙaramin lasisi na awa 300, sai dai bai ba ki izinin taɓa rini ko rilaksa (maganin miƙar da gashi) ba. In kuwa burinki shago mai komai da komai ne, ki ɗaure ki yi 1,500 ɗin. Mai zuwa awa 30 a mako za ta gama cikin mako 50, ban da hutu.

Kwalejin Guilford Technical da ke kusa da ke tana koyar da wannan fanni. Irin waɗannan kwalejoji na gwamnati sun fi makarantun kuɗi araha nesa ba kusa ba, muddin kin cika wata 12 a jihar; wadda ba ta cika ba kuɗinta yakan ninka. Za su nemi shaidar gama sakandare, ko ki zauna jarrabawar GED, wadda ke tsayawa a madadinta. Mai katin zama na dindindin tana iya cike fom ɗin FAFSA don neman tallafi. Ki ware kuɗin akwatin kayan aiki daban: almakashi, mataji, na'urar busar da gashi da kan roba na gwaji.

Abin da ya fi kayar da ɗalibai fashin zuwa makaranta ne. Ana buga kati shiga da fita, ranar da ba ki zo ba bashi ce a kanki. Bayan awoyin sai jarrabawa biyu, ta rubutu da ta aiki da hannu. A ta biyun, gwanaye kan faɗi a kan tsafta: mataji ya faɗi ƙasa, ɗaliba ta ɗauka ta mayar kan gashi, maki ya tafi. Ƙa'idar ita ce a wanke kayan aiki da sabulu tukuna, sannan a nutsar da su gaba ɗaya cikin ruwan kashe ƙwayoyin cuta na tsawon lokacin da aka rubuta a jikin kwalba, galibi minti 10.

Tambaya: Me ya sa ake ta koyar da kimiyya? Gashi fa za mu gyara.

Amsa: Domin abin da ke cikin robar rilaksa ba man shafawa ba ne. Mai ƙarfin cikinsu soda ce, irin ta dafa sabulu. Shi ya sa ake shafa man kariya a goshi da bayan kunne, kuma a zuwa na biyu, bayan mako 6 zuwa 8, sabon tsiro kawai ake shafa wa. In aka maimaita a kan wanda ya riga ya miƙe, gashin zai tsinke a daidai mahaɗar. Haka gashin da ya sha rilaksa mai soda ba a sa masa maganin nannaɗe gashi, karyewa zai yi a hannunki.

Rini kuma ana ɗiga shi a bayan kunne ko cikin gwiwar hannu, a jira awa 24 zuwa 48. In wurin ya yi ja ko ya kumbura, a fasa. Ki riƙa tambayar mai zuwa ko baƙin lalle ya taɓa tayar mata da ƙuraje, don sinadarin PPD da ake zuba masa shi ne a cikin yawancin baƙin rinin gashi.