Tambaya da Amsa: Daga ina sunan "kalina" ya samo asali?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Yayana ya yi karatun likita a Yukren, ya dawo a 2022 da yaƙi ya ɓarke, kullum sai ya ba mu labarin wani icce wai shi kalina. Da na duba sai na ga an rubuta *kalina da ɗan tauraro a gaba, wai kalmar tsohon yaren Silab ce. Meye asalinta, kuma tauraron na menene? Daga wata ɗaliba, Samaru, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata, wallahi na ji daɗin tambayar nan. Kalina ɗan icce ne da ba ya girma sosai, kamar dai sabara a wurinmu, furensa fari, 'ya'yansa jajaye jawur cunkus a reshe, kuma yana son bakin rafi da fadama. Mutanen Yukren sun ɗauke shi tambarin ƙasarsu.

Tauraron nan yana nufin ba wanda ya taɓa ganin kalmar a rubuce cikin wancan yaren, domin Silabawa, wato kakannin Rashawa da mutanen Yukren da danginsu, ba su fara rubutu ba sai ƙarni na 9, bayan Siril da Metodiyos, masu wa'azin Kiristanci da suka ƙirƙiro musu haruffa, sun je Morabiya (wajen ƙasar Cek ta yau) a 863, lokacin kuwa yaren ya riga ya fara rarrabuwa. Masana ne suka jera Rashanci da yarukan Yukren, Folan, Cek da Sabiya, suka ga duk kusan kalina ake cewa, sai suka ce to lallai daga kaka ɗaya aka gada.

Asalin kuwa, nan ne aka rabu biyu. Wasu sun ce daga *kal ne, wato taɓo ko laka, aka liƙa masa ɗafin -ina, kinga kenan iccen wuri mai laka, har yau a Bulgeriya kal taɓo ne. Wasu kuma suka ce a'a daga *kaliti ne, gasa ƙarfe a wuta har ya yi ja, saboda jan 'ya'yan.

Ni dai na fi yarda da na taɓon, ga dalilina. A Sabiya da Kuroshiya iccen da suke kira kalina wani ne daban da ake shinge da shi, 'ya'yansa baƙaƙe ƙirin. To in ja ne tushen sunan, ya aka yi ya hau kan mai baƙin ɗa? Ki tambayi yayanki inda ya fi ganin iccen, in sha Allahu bakin ruwa zai ce miki.