Ajiye injin iskan nan tukuna

Ka ce PS4 ɗin, na'urar wasan nan da mai gidan gem na wajen babbar kasuwa ya kawo tana kamawa, farar wuta na ci, amma tele baƙi ƙirin, kuma kana tambaya ko ka gasa fanel ɗin, wato allon lantarkin da ke cikinta, da iska mai zafi kamar yadda ka ga wasu na yi. A'a, yaro. Jawo kujera.

Farar wutar nan ta riga ta ba ka rabin amsa. Ta nuna na'urar ta tashi, ƙwaƙwalwarta lafiya lau. Da ciwon a can yake, shuɗiyar wuta za ka ga tana ta ƙiftawa ba ta tsayawa. Ke nan hoton ne ya ɓace a hanya, tsakanin fanel da tele. Fara da abin da ba ya cin kuɗi: canza waya, canza tele. In shiru, ɗauki gilashin ƙara girma ka leƙa bakin HDMI, inda wayar tele ke shiga. Ƙafafu 19 ne a ciki, rabin milimita tsakanin wannan da waccan. A gidan gem kuwa yara na fizgar waya, yau a wannan tele, gobe a waccan, dole wata ƙafa ta lanƙwashe ko ta saki.

Wurin cire bakin nan ne ake gane mai hannu. Dalmar da kamfani ya sa ba irin tamu ba ce. Tun 2006 Turai ta hana gubar dalma a kayan lantarki, sai aka koma wadda ba ta narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 217, tamu ta shago kuwa a 183 ta zama ruwa. Ga fanel ɗin hawa-hawa ne na tagulla, yana shanye zafi, sai ka ga kana ta hurawa dalma ko gezau. To ka shafa fulos, man da ke sa dalma ta gudana ta kama, ka zuba dalmarmu a kan manyan ƙafafun nan huɗu da ke riƙe da bakin ta gauraya da tasu, ka hura daga ƙasa, ka jira. Bakin da kansa zai saki. Kada ka ja. Wallahi ko kaɗan ka ja kafin ta narke, ƴan filayen tagullar da ƙafafun ke zama a kai za su biyo shi, garin neman gira a rasa ido.

In kuma ka tarar wani ya riga ya yi wannan ɓarnar, ba a yar da fanel. Ka bi layin da ya yanke, ka kankare koren fentin da bakin reza a hankali har jan tagulla ya bayyana, ka ɗan shafa masa dalma, ka ɗora jompa, wato gada, da waya siririya kamar gashi zuwa ƙafar. Layukan hoto bibbiyu suke tafiya, saboda haka jompa ta zama gajera, kada ɗaya ta fi ƴar uwarta tsawo, in ba haka ba hoto ya riƙa zuwa yana ɗaukewa. Sai ka rufe da koren gam, ka busar.

Bayan ka dasa sabon baki, sai mita. Auna kowace ƙafa da maƙwabciyarta, ka tabbata dalma ba ta haɗe su ba. Ƙafa ta 18 ta ba ka bolt 5. Auna ƴan ƙananan matatan layukan hoto da ke bayan bakin, wuta ta wuce ta kowanne. Duk sun yi daidai kuma babu hoto? Sai a tuhumi cif ɗin Panasonic da ke gaba da su, MN86471A a na farko-farkon da suka fito 2013, MN864729 a na baya. Shi yakan mutu da damina in an yi tsawa, ko in kuran ya dawo da ƙarfi, tunda gidaje da yawa a Maraɗi ba a kafa musu wayar ƙasa ba.

Gasa fanel ɗin nan da kake sha'awa, tun zamanin na'urorin Xbox 360 da PS3 aka koyo shi. Na'ura ta tashi, ta yi sati biyu ko wata, ta sake kwantawa, fanel ya lanƙwashe, mai kaya ya dawo yana cewa ka ci kuɗinsa. Kuma da gaskiyarsa.

Tunda ka buɗe ta, kada ka rufe da ƙurar hunturun da ta cika fankar nan. Share ta, ka canza man da ke kan ƙwaƙwalwar, don zafin watan Afrilu ba ya ragawa. In mutumin ya zo, ka ce masa ya riƙa kashe tele da na'ura kafin ya taɓa waya, ya kuma sayi regilata. Miƙo mini gilashin mu ga ƙafafun.