Ku Tambaya, Mu Amsa: Gane Tsayawar Zuciya Ta Waya

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ƙanena yana cikin masu ɗaukar kiran gaggawa, an ce za a koya musu gane wanda zuciyarsa ta tsaya ta wayar tarho. Abin ya ɗaure mini kai. Wanda bai ga maras lafiya ba, ta yaya zai sani? Daga wani malamin makaranta, unguwar Birni, Damagaram.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Da tambaya biyu ake ganewa, kuma tun farkon shekarun 1980 aka fara wannan tsari a yankin Siyatil na Amurka. Da zarar an san inda mutumin yake, tambayar farko ita ce: "Ka kira sunansa, ka girgiza kafaɗarsa, yana amsawa?" Ta biyu: "Yana numfashi kamar yadda ya saba?" In duka biyun a'a ne, a ɗauka zuciya ta tsaya, a sa mai kira ya fara danna ƙirji nan take. Ba a cewa ya nemi bugun jijiya a wuya ko a hannu, don wanda hankalinsa ya tashi yakan ji bugun yatsunsa ya zaci na maras lafiya ne.

Tambaya ta biyun nan ce wurin tuntuɓe, kuma a nan ya kamata horon ya daɗe. Kusan huɗu cikin goma na waɗanda zuciyarsu ta tsaya sukan ci gaba da wani irin jan numfashi a mintocin farko: baki ya buɗe, a ja iska da ƙara, a yi shiru na daƙiƙa goma ko fiye, a sake ja. Wannan ba numfashi ba ne, ƙwaƙwalwa ce take kokawa saboda jini ya daina isa gare ta. Amma in an tambayi mai kira "yana numfashi?" kawai, zai ce i, da gaskiyarsa. Sai a tura mota a kashe waya, mutumin kuwa yana kwance ba mai taɓa shi. Saboda haka ake koya wa mai ɗaukar kira ya kasa kunne ga maganar mutane: "yana minshari", "yana kakari", "yana gargara", "numfashin sama-sama", "sai ya jima yake ja". In yana shakka, ya ce a kanga wayar a bakin maras lafiya ya ji da kansa, ko mai kira ya riƙa cewa "yanzu" duk lokacin da ƙirji ya ɗaga.

Tarko na biyu shi ne fizge-fizge. Wasu sukan yi ƴar jijjiga ta daƙiƙoƙi kaɗan lokacin da suka faɗi, sai a ce farfaɗiya ce, ko iska ta buge shi, a ruga neman ruwa da hayaƙi. Kada ƙanenka ya shiga gardama a kan wannan. Ya tsaya a layi, jijjigar na lafawa ya koma kan tambayoyinsa biyu.

Ƙa'idar da ake bi ita ce a gane cikin minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi, a fara dannawa kafin minti biyu da rabi. Dalili kuwa, duk mintin da ya wuce ba a danna ba, damar tsira tana raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin 100, ƙwaƙwalwa kuma tana fara lalacewa daga minti 4 zuwa 6. Motar da za ta taso ta ratsa cunkoson kasuwar Dole ba za ta riski wannan lokaci ba. Horo mai amfani shi ne wanda ake sauraron kiran da aka naɗa, ana duba agogo, ana kuma gwaji da Hausar da ake ji a titi, ba Faransancin takarda kaɗai ba.

TAMBAYA: In aka ce in danna ƙirjin mutum alhali suma kawai ya yi, ba zan ji masa ciwo ba? Kuma yaya ake dannawar? Daga wata uwa, Sabon Gari.

AMSA: Hajiya, tsoronki a kan hanya yake, amma haɗarin kaɗan ne. Wanda zuciyarsa take bugawa yakan motsa ko ya ture hannunki, sai ki dakata. Mafi yawa ciwon ƙirji ne zai biyo baya, karayar haƙarƙari ba ta cika faruwa ga irinsa ba. Wanda tasa ta tsaya aka bar shi kuwa, babu gyara.

Ki buɗe lasifikar waya ki ajiye ta a ƙasa. A sauko da shi daga katifa zuwa kan tabarma ko daɓe, rigingine, don katifa tana shanye ƙarfin dannawa. Ki durƙusa gefensa, ki ɗora tudun tafin hannu a tsakiyar ƙirji, ɗaya hannun a bisa, gwiwar hannu a miƙe. Ki danna ƙirjin ya nutse santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, wato kusan biyu a daƙiƙa, kina barinsa ya dawo daidai bayan kowace dannawa. Mai ɗaukar kira zai riƙa ƙirgawa tare da ke da ƙarfi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne dannawa a hankali don tausayi, da tsayawa a duba ko ya farfaɗo. Hannu yana gajiya da wuri, don haka a canji juna duk minti 2. Ga babba, dannawa kaɗai ta wadatar har ma'aikata su iso. Yaro ƙarami da wanda aka tsamo daga tabki suna buƙatar hura iska sau 2 bayan dannawa 30. Kada a ɗura masa ruwa a baki. In mace ce ta faɗi kuma namiji kaɗai ke kusa, ya danna ta saman rigarta, ceton rai ne.

TAMBAYA: Me zan fara faɗa in na kira 18, lambar ƴan kwana-kwana? Daga wani ɗan kabu-kabu, Garin Malam.

AMSA: Wuri tukuna, ɗan'uwa: unguwa, sannan alamar da kowa ya sani, masallaci, makaranta ko famfo. Ka tura yaro bakin hanya ya tari motar ƴan kwana-kwana ya nuna musu lungun. Kada ka kashe wayar sai sun ce ka kashe.