Amsa: Kwamfuta za ta kawar da ma'aikatan bogi?

Malam, ka tambaya ko mayar da bayanan ma'aikata cikin kwamfuta zai kawo ƙarshen ma'aikatan bogi a wajen aikinku. Zai rage su sosai, amma kada ka saki jiki.

Dubi IPPIS, tsarin biyan albashi da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2007. Ana ɗaukar hoton yatsun ma'aikaci, albashi ya faɗa asusunsa kai tsaye, ba sai ya bi ta hannun akawu ba. Da BVN, lambar tantance masu asusun banki, ta zo a 2014, cin albashi da sunaye uku ya ƙara wuya.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen mai shigar da bayanan. In ya cusa sunan ƙaninsa, kwamfuta ba za ta yi masa gardama ba. Ku raba aikin: mai shigar da suna daban, mai amincewa daban, manhajar kuma ta riƙa ajiye sunan duk wanda ya canza wani abu da lokacin da ya yi.

Sannan ku saurari ma'aikata tun da wuri. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta shafe shekaru tana kukan cewa IPPIS bai dace da yanayin aikin jami'a ba, har gwamnati ta amince a cire jami'o'i a Disamban 2023.