Muryar amsa ga ƙanenmu na Tawa kan bin labaran fasaha

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Ƙanenmu na Tawa ne ya yi tambaya, ya ce forfe ɗinshi na ƙarewa a Facebook bai samu labarin fasaha na kirki ba, kuma bai san inda masu harkar kwamfuta ke haɗuwa ba.

To ƙanena, ka ji. Akwai abin da ake kira RSS. Yawancin gidajen labarai suna da shi, wata ƴar hanya ce da ke fitar da duk sabon abin da suka rubuta. Kai sai ka sa manhaja guda a wayarka, kamar Feedly ko Inoreader, ko Feeder in Android gare ka, ka zuba mata adireshin waɗanda kake so. Shi ke nan. Duk safiya za ta jero maka su bi da bi, sabo a sama. Ba wanda zai zaɓa maka, ba bidiyon da zai buɗe kanshi ya sha maka mega. Ni abin da ya sa nake son Feeder, in ka samu wifi ta kwaso rubutun, ko rezo ya tafi kana karatunka. Mu da muka san halin rezo da ɗaukewar wuta, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wasu za su ce maka ai RSS ya mutu tun da Google suka rufe Google Reader, manhajarsu ta karanta RSS, a 2013. Wallahi bai mutu ba. Tashoshin YouTube ma ana bin su ta nan, haka mutanen Mastodon, wani dandalin sada zumunta. A Mastodon ɗin .rss kawai za ka ƙara a ƙarshen adireshin mutum.

Amma don Allah kar ka zuba ɗari rana ɗaya, za ka gaji ka watsar. Fara da kaɗan, wanda ba ka karantawa ka cire shi.

Maganar jama'a kuma, a cikin karatun nan za ka gan su. Wanda rubutunshi ya yi maka, bi shi, ka ga da wa yake hulɗa. Nan gida akwai ƴan OpenStreetMap Nijar masu aikin taswira, akwai CIPMEN, cibiyar da ke tallafa wa masu kafa ƙananan kamfanoni, nan Yamai. In ka shigo ka leƙa, ka gaisa da mutane, su za su sa ka a gurup ɗin da ake aikin gaske.

Nawa jerin zan fitar da shi a fayil ɗin OPML, wato irin fayil ɗin da ake ɗaukar jerin RSS da shi daga manhaja zuwa manhaja, in turo nan bayan isha'i, sai ka shigar da shi a manhajarka kai tsaye.