Ƙaramin minista: sunan ne ƙarami ko ikon?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Muna ta gardama a majalisarmu ta dare a Daura kan Hadi Sirika. Wasu sun ce da aka ba shi ƙaramin minista a 2015 baya aka mayar da shi, tunda ya yi sanata. Wasu kuma sun ce ai shi kaɗai yake juya harkar jiragen sama, babu mai taka masa burki. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Malam, a gaishe da 'yan majalisa. Kowane ɓangare ya riƙo wani abu, amma na biyun sun fi kusa.

Mu fara da hanyar da ya biyo. Sirika matuƙin jirgi ne kafin siyasa. Ya yi Majalisar Wakilai daga 2003 zuwa 2007, sannan ya wakilci shiyyar Daura a Majalisar Dattawa a ƙarƙashin jam'iyyar CPC bayan zaɓen 2011, duk da cewa sai da kotu ta warware rikicin 'yan takarar jam'iyyar a Katsina kafin ya hau kujerar. A 2015 Mustapha Bukar ne ya gaje shi. Ke nan lokacin da Buhari ya rantsar da ministocinsa ranar 11 ga Nuwamba 2015, Sirika ba kujerar sanata ya bari ya karɓi wannan ba, wa'adinsa ya riga ya ƙare. Maganar komawa baya ba ta taso ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne kalmar “ƙarami”. Kundin tsarin mulkin 1999 bai san ta ba. Sashe na 147 ministoci kawai ya ambata, ya kuma wajabta a ɗauko aƙalla ɗaya daga kowace jiha. Jihohi 36, ma'aikatu kuwa ba su kai haka ba, balle da Buhari ya haɗe wasu a 2015. Dole a sama wa sauran wurin zama, sai a ajiye biyu a ma'aikata guda. Dukansu Majalisar Dattawa ce ke tantance su, dukansu suna zama a Majalisar Zartarwa. Abin da ya raba su yana sashe na 148: shugaban ƙasa ne ke rarraba aiki yadda ya ga dama. Wani ƙaramin ministan sai ya shekara huɗu takarda ba ta biyo ta teburinsa ba sai babban ya so. Festus Keyamo, wanda ya ɗanɗana muƙamin, ya fito ƙarara a watan Mayun 2023 ya ce bai dace da tsarin mulki ba.

Na Sirika ba haka ya kasance ba. Harkar jiragen sama ma'aikata ce mai zaman kanta kafin a cusa ta cikin ta sufuri a hannun Rotimi Amaechi, kuma ta zo da hukumominta: FAAN mai kula da filayen jirgi, NCAA mai sa ido kan kamfanonin jirage, NAMA mai kula da zirga-zirgar sararin samaniya, NiMet mai hasashen yanayi, har da kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya. Amaechi ya duƙufa kan jirgin ƙasa da tashoshin ruwa, sama kuwa aka bar wa mai ita. Ga sanin aiki, ga tsohuwar tafiya da Buhari tun zamanin adawa, kuma a siyasarmu wannan na biyun ya fi nauyi a sikeli. Ku tuna watan Maris na 2017, da aka rufe filin jirgin Abuja na mako shida don gyaran titin sauka, aka karkatar da jirage Kaduna. Wa ya riƙa fitowa yana bayani yana shan suka? Sirika ne, har aka buɗe filin a watan Afrilu.

A watan Agustan 2019 aka sake ware ma'aikatar, aka naɗa shi cikakken minista. A ganina suna kawai aka gyara ya dace da aikin da yake yi tun farko.

Sai dai wanda ya riƙe wuƙa da nama shi ake tambaya in miya ta lalace. Kamfanin jiragen sama na ƙasa, Nigeria Air, da Sirika ya ƙaddamar da tambarinsa a Farnborough ta Ingila a watan Yulin 2018, an dakatar da shi bayan wata biyu, aka farfaɗo da shi da haɗin gwiwar Ethiopian Airlines, aka nuna jirgi guda a Abuja ana saura kwana uku gwamnati ta sauka a 2023. Bai taɓa ɗaukar fasinja ba, kuma ban ji wanda ya tambayi Amaechi dalili ba.