Teburin tsaye ko kujera mai na'ura: wanne zai raba ni da ciwon baya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni akawu ce, ina wuni a gaban kwamfuta awa takwas zuwa tara. Wata uku ke nan ƙuguna yana ciwo, kwanan nan kuma ƙafata ta hagu ta fara yi kamar ana tsira mini allurai. A wurin aikinmu ana shirin kawo tebura masu ɗagawa a riƙa aiki a tsaye, har ana cewa nan gaba kujera za ta ɓace daga ofis. Na kuma ga tallar bel mai miƙar da baya, da wata kujera mai ƙara idan mutum ya ranƙwafa. Wallahi ina tsoron kada in nakasa. Wanne zan saya?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Ajiye maganar saye tukuna. Ciwon da ya sauka ƙafa alama ce ta cewa jijiya na iya kasancewa a danne, sai an duba ki ido da ido a cikin makon nan. Idan kuwa fitsari ya ƙi fita, ko yana zuba ba ki sani ba, ko tsakanin cinyoyinki ya mutu, ko ƙafar ta yi rauni kika fara jan ta, to asibiti a ranar, ba sai gari ya waye ba.

Kujera ba inda za ta. Abin da ke sauyawa shi ne kaya masu daidaituwa da jikin mai su, musamman yanzu da tun bayan korona ofisoshi da yawa suka koma mutum uku su yi karɓa-karɓa da tebur ɗaya. Tunanin ma tsoho ne. A 1964 Robert Propst na Herman Miller, kamfanin kayan ofis na Amurka, ya fito da tsarin ofis mai teburin tsaye domin ma'aikaci ya riƙa motsi. Na biyunsa da ya fito a 1968 sai kamfanoni suka mayar da shi 'yan akurki, aka cusa mutane ciki. Kujerar ofis mai suna Aeron da kamfanin ya fitar a 1994 girma uku aka yi ta, saboda jiki ba ɗaya ba ne. Amma har gobe sashen sayayya sai ya yi odar kujera ɗari iri ɗaya, dogo da gajere kowa ya ji da kansa, kuma ba wanda za a nuna wa inda ake juya ta.

Yanzu ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kullum sai na ji an ce zama ne cuta, tsayuwa ce magani. Wa ya ce? Masu wannan magana sukan kafa hujja da binciken Jeremy Morris na 1953 a kan motocin bas na Landan, inda aka ga ciwon zuciya ya fi kama direbobi fiye da kwandastoci. To ai kwandastan ba a tsaye ƙiƙam yake wuni ba, hawa da sauka yake yi a matakalar bas mai bene. Motsin ne ya yi masa rana. Tun 1700 likitan Italiya Bernardino Ramazzini ya rubuta cewa masu sana'ar tsayuwa suna fama da kumburin jijiyoyin jini na ƙafa. A 2017 kuma wani bincike a lardin Ontariyo na Kanada ya gano cewa masu wuni a tsaye sun ninka masu aikin zama haɗarin ciwon zuciya. Wanda ya bar zaman awa takwas ya koma tsayuwar awa takwas, gudun gara ya yi ya faɗa gidan zago.

Shi kuwa bel, nan ne 'yan damfara suka baje koli. Wani ma'aikaci ya taɓa zuwa wurina, ya tuɓe riga, sai ga shatin igiya ja-wur a hammatarsa biyu. Wata biyar yana ɗaure kamar kayan aike, ciwon na nan, kuma duk tsawon lokacin bai je an duba shi ba domin mai talla ya ce masa ya yi haƙuri ƙashi na komawa wurinsa. Wane ƙashi? Abin da ya fi ɓata mini rai ke nan, jinkirin da suke jawo wa marar lafiya. Ko bel ɗin ƙugu na masu ɗaukar kaya, hukumar NIOSH mai binciken lafiyar ma'aikata a Amurka ta duba shi tun 1994 ta ce ba ta ga hujjar yana hana rauni ba. Kujera mai ƙara ma ba ta san komai game da jijiyarki ba. Ranƙwafawar minti goma ba ta karya baya, kuma babu wani zama guda da za a ce shi ne daidai daga safe har yamma.

Idan teburin ya iso, ki karɓa, yana da amfani in kina sauyawa: zama kamar rabin awa, tsayuwa 'yan mintuna, sannan ki ɗan taka. Ki sa saman allon kwamfuta daidai da idonki, nesa da ke kamar tsawon hannu. Gwiwar hannu ta lanƙwashe a kusa da jiki, tafin ƙafa ya taka ƙasa sosai, in bai kai ba a sa matashi. Idan kwamfutar tafi-da-gidanka ce, ɗora ta a kan littattafai ki haɗa mata allon rubutu (kibod) daban. Ranar da za ki je a duba ƙafar, ki sa a ɗauke ki hoto kina zaune a teburinki, ki tafi da shi.